Lafazin Doka Ko Manufarta: Wa Ke Da Gaskiya A Teburin D&D?



Rubutun wannan makon a kan gardamar nan ne da ba ta ƙarewa duk inda aka shimfiɗa taswira aka zube dayis: idan abin da ke rubuce a littafin dokoki ya yi hannun riga da abin da hankali ya nuna ana nufi, wanne za a bi? Turawa sun taƙaita ɓangarorin biyu da RAW da RAI, wato doka yadda aka rubuta ta da doka yadda aka nufe ta. Mu bari mu kira su lafazi da manufa, tunda kalmomi ne da kunnenmu ya saba da su.

Zan faɗi matsayata tun da wuri don kada a yi ta lalube. Lafazi shi ne alƙawarin da ke tsakanin jagoran wasa da 'yan wasa, kuma da shi ake farawa kullum. Manufa tana shigowa ne idan lafazin ya yi shiru, ko ya kai mu ga shirme. Amma duk wanda zai ɗaga tutar manufa, jagora ne ko ɗan wasa, akwai sharuɗɗan da ya kamata ya cika, domin ana cutar mutane da sunan manufa fiye da yadda muke yarda.

Saboda sababbin shiga: a wasa irin Dungeons & Dragons mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kowa da jarumin da ya tsara a takarda, mutum ɗaya kuma shi ne jagora, wanda ake kira DM. Shi ke bayyana duniyar, shi ke taka dodanni da sarakuna da fatake, shi ne kuma alƙali. Ka faɗi abin da jaruminka zai yi, a jefa dayis mai fuska 20, a duba doka a ga ko ya dace. A ludo ko dara, abin da za ka iya yi ƙidayayye ne. A nan kuwa ɗan wasa yana iya cewa zai zarga igiya a ƙahon dodo ya ja shi cikin rijiya, kuma babu marubucin da ya isa ya hango duk abin da mutum biyar za su ƙirƙiro a yammacin Asabar. Tushen rigimar ke nan.

GARDAMAR TA GIRMI WASAN

Kakan waɗannan wasanni shi ne wasan yaƙi na kan taswira da sojojin Furushiya, a ƙasar Jamus ta yau, suka karɓa a 1824 daga hannun wani matashin hafsa, Georg von Reisswitz, don horar da hafsoshi. Yana da dayis da jadawalai da alƙali. Da tafiya ta yi tafiya dokokin suka yi yawa, har lissafi ya fi yaƙin cin lokaci. A 1876 wani hafsan, Julius von Verdy du Vernois, ya fito da salon da ya zubar da yawancin dokokin ya bar hukunci a hannun gogaggen alƙali. Wasa ya yi sauri, sai dai ingancinsa ya koma ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Idan alƙalin ya san aiki a ji daɗi, idan yana da son kai babu inda za a kai ƙara. Ribar da asarar da muke jayayya a kansu yau, su ne dai waɗancan.

Da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da D&D a Amurka a 1974, 'yan littattafai uku ne ƙanana, cike da giɓi, kuma sun ƙarfafa wa jagora gwiwa ya cike giɓin da ra'ayinsa. Bayan 'yan shekaru Gygax ya dawo da wani bugu mai faɗi, Advanced Dungeons & Dragons, tsakanin 1977 da 1979, yana kafa hujja da cewa ana buƙatar dokoki iri ɗaya a ko'ina, musamman saboda gasa. Amma a ƙarshen littafin jagora na 1979 shi ɗin dai ya ja kunnen jagorori cewa ruhin wasa ya fi lafazin doka muhimmanci, kuma kada su bari wani lauyan teburi ya tilasta musu da nassi. Idan wanda ya haifi abin bai tsaya a ɓangare ɗaya ba, ba abin mamaki ba ne don mu mun rabu.

Bugu na 3 da Wizards of the Coast suka fitar a 2000, da gyararrensa 3.5 na 2003, sun yi ƙoƙarin yi wa kusan komai doka. A nan ne sana'ar tonon ƙofofi ta bunƙasa, domin yawan katanga shi ne yawan kafar da ɓera zai bi. Martani ya zo daga masu son tsohon salo, irin su Matt Finch da ɗan littafinsa na 2008, wanda ya fifita hukuncin jagora a kan tarin dokoki. Bugu na 5 na 2014, wanda yawancinmu muka fara da shi, ya nemi tsakiya.

INDA LAFAZI KE ZAMA SHIRME

Shahararren misali shi ne wanda ake wa laƙabi da bindigar talakawa. A D&D zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne, kowane mutum yana tsaye a murabba'i mai faɗin ƙafa 5, kuma doka ta yarda ka ɗana wani aiki ka jira wani abu ya faru kafin ka aikata. Sai mai wayo ya ce: a jera manoma 1,000, kowa ya ɗana cewa da zarar an miƙo masa mashi zai miƙa wa na gaba. Cikin zagaye ɗaya mashin ya yi tafiyar ƙafa 5,000, kusan kilomita ɗaya da rabi cikin daƙiƙa 6. Gudun ya haura kilomita 900 a awa, wato gudun jirgin sama na fasinja. Na ƙarshen ya saki mashin, ya huda katangar birni, yaƙi ya ƙare.

Ku lura da dabarar da aka yi. A rabin farko an ce a bi littafi a manta da hankali, domin hankali ya san hannun mutum 1,000 ba zai miƙa abu cikin daƙiƙa 6 ba. A rabi na biyu kuma an ce a bi kimiyya a manta da littafi, domin littafin bai san wani abu wai shi ƙarfin gudu ba. Idan lafazi za a bi har ƙarshe, manomin ƙarshe ya jefa mashi ne kamar kowa, ɓarnarsa dayis ɗaya mai fuska 6, in ma ya samu abin da ya hara. Idan hankali za a bi har ƙarshe, mashin bai wuce mutum na goma ba. Mai wannan dabara ba mabiyin lafazi ba ne ko kaɗan. Gizo ne, yana ɗaukar doka inda ta yi masa daɗi ya ajiye ta inda ta matse shi. Abin ya yi ƙaurin suna har littafin jagora na 2024 ya kawo shi misali, yana bayanin cewa dokokin wasa ba dokokin kimiyya ba ne, kuma an gina su bisa zaton za a karanta su da kyakkyawar niyya.

Ga wani daga bugu na 3.5. Jarumi yana suma idan makin ransa, wanda wasunmu ke kira jini, ya sauka ƙasa da sifiri, yana mutuwa idan ya kai 10 ƙasa da sifiri. Dokar nutsewa kuma ta ce wanda numfashinsa ya ƙare a ruwa, a zagayen farko jininsa yana komawa sifiri. To idan abokinka yana kwance da 8 ƙasa da sifiri, saura ƙiris, sai ka tsoma kansa a bokiti: bisa lafazi ka ɗaga shi daga 8 ƙasa zuwa sifiri, ka yi masa magani da nutsarwa. Babu wanda ke shakkar abin da marubutan suka nufa. Sun ɗauka mai nutsewa yana da sauran lafiya ne, ba su tuna da wanda ke bakin kabari ba.

A wannan bugun ne kuma aka haɗa Pun-Pun, wata 'yar halitta mai kama da ƙadangare wadda aka tsinto mata dokoki daga littattafai daban daban, har da baiwar wani dodo daga littafin Serpent Kingdoms na 2004, ta zama ƙarfinta ba shi da iyaka. A matsayin wasa ƙwaƙwalwa abin burgewa ne. A teburi kuwa kisan wasa ne, domin daga ranar sauran mutum huɗun sun zama 'yan kallo.

A irin waɗannan babu wahala. Lafazi ya haifi abin da ya rushe dalilin zaman, sai a bi manufa. Littafin Pathfinder bugu na 2 na 2019 ma ya sa wannan cikin dokokinsa: idan doka tana da fassara biyu, ɗayar kuma daɗinta ya wuce misali, to da alama ba ita ake nufi ba.

AMMA KADA A RAINA LAFAZI

Da a nan maganar ta tsaya da ban ɓata muku lokaci ba. Matsalar ita ce ana ɗaukar waɗannan misalai masu ban dariya a yi wa duk mai buɗe littafi kuɗin goro, a kira shi lauyan teburi, alhali sau da yawa shi ne mai gaskiya.

Ɗauki dokar faɗowa a bugu na 5. Kowace ƙafa 10 dayis ɗaya ne mai fuska 6, iyakarsa dayis 20. Mafi munin abin da zai samu mutum maki 120 ne, matsakaicinsa 70. Jarumi mai jini 150 da maƙiya suka ritsa a ƙololuwar dutse ya yi lissafinsa, ya ce zai yi tsalle. Sai bayan ya faɗa jagora ya ce, ai hankali ba zai ɗauka ba, ka mutu. Wannan jagoran yana ganin manufa ya bi. Ni a wurina cin amana ya yi. Iyakar dayis 20 ba tuntuɓen alƙalami ba ce, da gangan aka sa ta, a wasan da jarumai ke shan wutar bakin dodo su miƙe su karkaɗe riga. Ɗan wasan bai murɗa komai ba. Ya karanta doka mai fuska ɗaya, ya dogara da ita, ya ɗora ran jarumin da ya yi wata shida yana reno a kanta. Idan jagora yana son duniyar da faɗowa ke kisa nan take, yana da iko, amma sai ya faɗa tun ƙafar mutumin tana kan dutse.

Amfanin lafazi ke nan: shi ne kaɗai abin da kowa a teburi zai iya gani da idonsa. Manufa a cikin kan mutum take. Jagora yana da dodanni, yana da taswira, yana da sirrin labari, yana da kalmar ƙarshe. Ɗan wasa ba shi da komai sai takardarsa da littafin. Ranar da aka ce littafin ma ba hujja ba ne, to zaɓinsa ya daina ma'ana, ya koma yana cankar abin da jagora ke son ji. Wannan kuwa ba wasa ba ne, tatsuniya ce ake yi masa yana amsawa.

Akwai kuma wani kare kai da ban yarda da shi ba: wai dokar ba ta da matsala tunda jagora zai iya gyara ta. Ai buƙatar gyaran ita ce shaidar matsalar. Manyan littattafan nan uku kusan dala 50 ake sayar da kowanne a Amurka, duk wanda ya juya wannan zuwa naira ya san ba kyauta aka ba shi ba. Wanda ya biya yana da haƙƙin a rubuta masa doka mai tsafta. Masu kallon ƙwallo za su tuna wasan Barbados da Girenada na 1994 a share fagen gasar Karebiyan. Masu shirya gasa sun ce ƙwallon da aka ci a ƙarin lokaci biyu za a lissafa ta. Barbados na buƙatar tazarar ƙwallo biyu, tana gaba da 2 da 1, lokaci ya kusa ƙarewa, sai ta ci kanta da gangan aka koma 2 da 2 don a tafi ƙarin lokaci. A sauran mintunan Girenada ta riƙa neman cin kowace raga, Barbados na tsaron ragogi biyu. A ƙarin lokaci Barbados ta ci, ta wuce. Kowa ya yi dariya, amma ba 'yan wasan ne suka rubuta dokar ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

MANUFAR WA?

Masu cewa a bi manufa sukan yi magana kamar manufar tana ajiye a wani akwati, buɗewa kawai za a yi. Bugu na 5 ya ba mu damar gwada wannan, domin Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara dokokinsa, ya yi shekaru yana amsa tambayoyi a Twitter da kuma kundin amsoshi na Sage Advice. Ga abin da gwajin ya nuna.

Na farko, baiwar Shield Master. Ta ce idan ka zaɓi kai hari a zagayenka, kana iya ƙara ture maƙiyi da garkuwa. Tambayar ita ce, turewar kafin sara ko bayansa? Bambancin babba ne, domin wanda ka kayar ƙasa ya fi sauƙin sara. A 2015 Crawford ya ce ana iya turewa tun farko. A 2018 ya janye, ya ce sai bayan harin. Mutanen da suka tsara jarumansu a kan amsar farko suka wayi gari manufa ta sauya, alhali ko harafi ɗaya bai motsa a littafin ba. Daga baya kamfanin da kansa ya bayyana cewa amsoshin Twitter shawara ce, hukuncin da ke cikin kundin ne kawai na hukuma.

Na biyu, Divine Smite, wato ƙarin ɓarnar haske da jarumi mai rantsuwa ke zubawa a kan sara. Zai iya yi da naushi? Kundin ya ce a'a, ba a nufe shi da hannu tsura ba, amma ya ƙara da cewa dalilin na kamannin jarumin ne kawai, kuma idan jagora ya ƙyale babu abin da zai lalace. Da aka sake fitar da littafin 'yan wasa a 2024, sai aka rubuta ƙarara cewa naushi ma ya shiga. Duk zafin gardamar da aka yi shekara goma ana yi, a kan abin da masu shi ba su riƙe da ƙarfi ba ne.

Na uku ya fi ban mamaki. A littafin 2014 wanda ya yi layar zana yana da riba biyu da aka rubuta a layi daban daban: ba a ganinsa, sannan harinsa yana da fifiko, harin da aka kai masa kuma yana da naƙasu. To idan wani ya yi sihirin See Invisibility, yana kallonsa ƙuru ƙuru fa? Kowane mai hankali zai ce ribar ta biyu ta faɗi, tunda daga rashin gani ta samo asali. Crawford ya ce tana nan, domin sihirin bai ambaci cire ta ba. Teburori da yawa suka yi watsi da wannan amsa, kuma bugun 2024 ya goyi bayansu, ya ce wanda ke ganinka ba ka da wannan riba a kansa. A nan hankalin teburi ya riga mai littafi isa ga gaskiya.

Darasin shi ne manufa iri uku ce ake cakuɗawa. Akwai abin da marubuci ya ce ya nufa, wanda mun ga yana sauyawa. Akwai abin da dokar ke ƙoƙarin kwaikwayo a cikin labari, kamar cewa maganin ɓoyayye shi ne a gan shi. Akwai kuma abin da jagora yake so ya faru a daren nan, wanda yakan sa wa rigar manufa. Ta biyun ce nake karewa, domin kowa a teburi zai iya auna ta da kansa. Ta farko shawara ce mai daraja. Ta ukun ita ce ke raba abokai.

MU DA MUKE KARATU DA HARSHEN WASU

Akwai wani ƙarin nauyi a kanmu. Littattafan nan da Turanci muke karanta su, a teburi kuma Hausa muke yi da ɗan gauraye. Yawancin rigingimun lafazi a kan jeren kalmomin Turanci suke. Rigimar naushin can, alal misali, ta taso ne daga jimloli biyu masu kusan kalmomi iri ɗaya, ɗaya tana nufin nau'in hari na kusa ko da hannu ne, ɗayar tana nufin lallai da makami a hannu. Turawan da aka haifa cikin harshen ma sai da aka yi musu bayani. Duk lokacin da jagora ya juya doka zuwa Hausa don sabon shiga, ya riga ya zaɓi fassara ɗaya ko bai sani ba.

Sakamakon haka, riƙon lafazi tsantsa a wurinmu yakan zama mulkin wanda ya fi Turanci. Shi zai karanto jimla da sauri, ya tsaya a kan wata 'yar kalma, sauran su yi shiru don kada a ga gazawarsu. Wanda ya fi kowa iya tsara dabarar yaƙi ko taka jarumi sai ya koma baya saboda nahawun wani harshe. Don haka ina ganin duk wanda ya kafa hujja da nassi a teburinmu, wajibinsa ne ya faɗi da Hausa abin da ke faruwa a cikin labarin. Idan ya iya bayyana yadda jaruminsa ya yi abin har aka gan shi a zuci, hujjarsa ta tsaya. Idan abin ba ya faɗuwa sai da Turancin littafi, to da walakin.

SHARUƊƊAN DA NA AMBATA

1. A faɗa kafin a jefa dayis. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jagoran da ke da dokokin gida ya zayyana su a zaman farko. Idan abu ya taso a tsakiyar wasa, ya gaya wa ɗan wasa yadda zai hukunta, sannan ya ba shi damar fasa niyyarsa. Ko a whot, masu hankali sukan daidaita ko ana tare katin ɗauki biyu tun kafin a raba kati.

2. Abin da ya halatta ga jarumai ya halatta ga dodanni. Wannan ma'auni yana kashe yawancin dabarun Gizo cikin ruwan sanyi. Ka tambayi mai bindigar talakawa: ka yarda sarkin maƙiya, wanda ya fi ka talakawa, ya jera nasa gobe? Wanzami ba ya son jarfa. Haka shi ma jagora, fassarar da ya hana 'yan wasa kada ya ba dodonsa.

3. Gardama a tsakiyar faɗa kada ta wuce minti biyu. Mai ƙorafi ya faɗi hujjarsa sau ɗaya, a duba shafin in yana kusa, jagora ya yanke, a ci gaba. Sauran bayani sai an tashi. Idan dokar tana da fuska biyu da gaske kuma ran jarumi ne a kai, a karkata wajen ɗan wasa. Jagora yana da dodanni ba iyaka, ɗan wasa jarumi ɗaya gare shi.

4. Hukuncin da aka yanke a rubuta shi. A ajiye a rukunin WhatsApp na teburin inda kowa zai gani. Hukuncin da aka rubuta ya zama sabon lafazi, ya ɗaure jagoran kansa a mako mai zuwa. Idan kuma ya rushe abin da wani ya gina jaruminsa a kai, a bar shi ya sake zaɓi ba tare da asara ba.

5. Ɗan wasan da ya gano wata ƙofa ya kai wa jagora kafin zama. Wannan ne ke bambanta mai basira da mai wayo. Wanda ya ɓoye dabararsa sai tsakiyar faɗa don kada a samu lokacin tunani, ya san da kansa ba za ta jure tunanin ba.

Na san akwai masu cewa wannan duk ya ba jagora iko da yawa, a bi littafi kawai a huta. Suna da hujja a wuri ɗaya: inda baƙi ke haɗuwa. A tsarin Adventurers League, inda mutum ke ɗaukar jaruminsa daga wannan teburi zuwa wancan, dole a matsa kusa da lafazi, domin shi ne harshen da kowa ke ji. Haka idan wasa ta intanet ake yi da mutanen da ba a sani ba. Akwai kuma teburin da kowa ya yarda tonon ƙofofin shi ne daɗin, jagora ma yana tono nasa. Wannan ba laifi, tunda an yi ittifaƙi. Amma ko a can littafin bai ce komai a kan igiya a ƙahon dodo ba, dole wani ya yanke. Ba a tsere wa hukuncin mutum a wannan wasa. Abin da za a iya shi ne a sa hukuncin ya fito fili, ya zo da wuri, ya hau kan kowa.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne ba mu da yawa. Wanda ya haɗa mutum biyar masu son wannan wasa, masu lokaci ɗaya, masu kuɗin mota, ya san wahalar da ya sha. Teburi ba ya mutuwa ranar da aka yi ihu. Yana mutuwa ne a hankali: ƙanwarmu da aka gayyato karon farko ta zauna minti arba'in tana kallon maza biyu suna jayayya a kan shafi, mako mai zuwa ta ce tana da biki. Wanda aka kashe wa jarumi da hukuncin bayan fage ya ce ba komai, daga nan ya daina ɗaga waya. Wanda ya ci gardamar ya koma gida da gaskiyarsa, ba shi da wurin da zai yi wasa da ita. Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi, kuma dokokin nan duka an rubuta su ne don a samu dalilin zama tare.

Yanzu saura naku. Jagorori, wace doka ce kuka sauya a teburinku, kuma kun faɗa tun farko ko sai da ta taso? 'Yan wasa, a dokar faɗowa daga dutse, da wane ɓangare za ku tsaya? A yi muhawara da mutunci kamar yadda aka saba, a kawo lambar shafi idan da hali, kuma kada a ambaci sunan kowa.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.